Fashin Baƙi Kan Sinadarin P, Sanƙiran Ciwo Da Kumburi

Duk wanda ya taɓa kai hannu kan murfin tukunyar da ke bisa wuta ya san cewa zafin ƙuna ba sau ɗaya yake zuwa ba. Da fari akwai wani zafi mai kaifi kamar sukar allura, wanda ke sa mutum ya fizge hannunsa tun kafin ya gane abin da ya same shi. Bayan daƙiƙa ɗaya ko biyu sai wani raɗaɗi na daban ya biyo baya, mai nauyi da zugi, wanda ba ya gushewa da wuri, sa'annan wurin ya yi ja, ya kumbura, ya zama ko iska ce ta hura shi sai an ji a jiki. Masana aikin jiki sun daɗe da gano cewa waɗannan zafi biyu ba hanya ɗaya suke bi ba. Na farko yana tafiya ne ta cikin zaruruwan jijiya masu ɗan rufin kitse, waɗanda saƙo ke gudu a cikinsu kimanin mita 5 zuwa 30 a daƙiƙa guda, na biyun kuwa yana bin wasu siraran zaruruwa marasa rufi da ake kira zaruruwan C, waɗanda gudun saƙonsu bai cika wuce mita 2 a daƙiƙa ba. Jijiyar da ake nufi a nan ita ce jijiyar saƙo, ba jijiyar jini ba, kasancewar Hausa ta haɗa su a suna ɗaya. A cikin waɗannan siraran zaruruwa ne aka fi samun sinadarin da masana suka laƙaba wa suna Substance P, wanda za mu riƙa kira Sinadarin P.

Sinadarin P ɗan guntun furotin ne, irin wanda ake kira peftayid, kuma da yake ƙwayoyin jijiya ne ke ƙera shi su aika saƙo da shi, sai ya shiga ajin niropeftayid. Idan aka ɗauki furotin a matsayin dogon carbi mai 'ya'ya ɗaruruwa, to wannan ɗan carbi ne mai 'ya'ya 11 kacal, kowane ɗa amino asid guda, kuma masana suna rubuta jerinsu da haruffa kamar haka: RPKPQQFFGLM. Nauyinsa a ma'aunin ƙwayoyin sinadarai ya kai kimanin 1,348. Ƙanƙantarsa ba ta hana shi shiga al'amura da yawa ba, domin yana da hannu a ciwo da kumburi da ƙaiƙayi da amai da motsin hanji da tari. Amma abin da ya fi ɗaukar hankali a tarihinsa shi ne, an shafe shekaru ana ganin cewa duk ranar da aka toshe masa hanya an gama da ciwo, da aka toshe ɗin kuma sai ciwon mutane bai tafi ba.

Labarin ya faro ne a shekarar 1931 a birnin Landan, a ɗakin gwaje-gwajen Henry Dale, inda wani matashi ɗan ƙasar Suwidin mai suna Ulf von Euler yake aiki tare da John Gaddum. Abin da suke bibiya shi ne asitilkolin, sinadarin da aka riga aka sani yana sa hanji ya matse. Sun tatsi ruwa daga hanjin doki da ƙwaƙwalwarsa, suka zuba a kan guntun hanjin zomo, hanjin ya matse kamar yadda suka zata. Sai dai da suka sa atirofin, maganin da ke kashe tasirin asitilkolin, hanjin bai daina matsewa ba, kuma idan suka yi wa zomo allurar ruwan sai ƙarfin bugun jininsa ya sauka. Wannan ya nuna musu cewa akwai wani abu daban a ciki. Ba su iya tace shi ba, iyakar abin da suka yi shi ne busar da shi ya zama gari, kuma harafin P ɗin nan ya samo asali ne daga kalmar Turanci mai ma'anar gari, wadda suke rubutawa a jikin kwalaben. Sunan wucin gadi ne, amma ya zauna har yau. Shi von Euler ya ci gaba da wasu ayyukan, ya kuma samu kyautar Nobel a 1970 saboda bincikensa a kan noradirinalin, ba a kan wannan gari ba.

Shekaru 22 bayan haka, a 1953, Fred Lembeck na birnin Graz a ƙasar Ostiriya ya lura da wani abu mai muhimmanci. Kowace jijiya da ta haɗu da lakar baya tana da saiwa biyu: ta baya, wadda ke shigo da saƙon ji daga fata da gaɓoɓi, da ta gaba, wadda ke fitar da umarni zuwa tsoka. Lembeck ya auna ya ga cewa Sinadarin P ya fi yawa nesa ba kusa ba a saiwar baya, don haka ya kawo ra'ayin cewa shi ne ɗan aiken jijiyoyin ji. Ra'ayin ya daɗe a rataye, saboda babu wanda yake da tsantsar sinadarin balle ya gwada. Wadda ta warware matsalar ita ce Susan Leeman a Amurka, kuma ita ma ba shi ta fita nema ba. Tana ƙoƙarin tace wani sinadari ne daban daga ƙasan ƙwaƙwalwar shanu, sai ta ga wani kaso na abin da ta tace yana sa ɓeraye zubar da yawu kamar an buɗe famfo. Ita da ɗalibinta Michael Chang suka bi sawun wannan kaso har suka tace shi a 1970, suka gane cewa shi ne garin nan na von Euler, a 1971 kuma suka fitar da jerin amino asid ɗinsa. A cikin shekarar aka fara haɗa shi a ɗakin gwaji, wato shekaru 40 cif bayan gano shi.

Daga nan sai ƙofa ta buɗe. A 1975 Tomas Hökfelt na Cibiyar Karolinska a Suwidin ya nuna shi ƙuru-ƙuru da madubin ƙara girma a cikin ƙananan ƙwayoyin jijiyoyin ji da kuma saman ɓangaren bayan laka, daidai inda zaruruwan ciwo suke sauke kayansu. Masanori Otsuka da abokan aikinsa a Japan suka nuna cewa idan aka tsokani saiwar baya da lantarki, laka tana fitar da shi. A 1977 Thomas Jessell da Leslie Iversen a Kambirij suka nuna cewa morfin da danginsa suna hana fitarsa. Duk wanda ya jera waɗannan hujjoji uku zai ga kamar shari'a ta ƙare: ga shi a hanyar ciwo, yana fita idan an tsokani hanyar, kuma maganin ciwo mafi ƙarfi yana danne shi. An kuma gano cewa yana da dangi. Vittorio Erspamer na Italiya ya riga ya samo masu kama da shi a fatar kwaɗi da kuma yawun wata dabbar teku mai hannuwa takwas, ya kira su takikinin saboda saurin da suke sa hanji ya matse, a 1983 kuma aka samo wasu biyu a jikin dabbobi masu shayarwa, nirokinin A da nirokinin B. Dukkansu wutsiyarsu iri ɗaya ce, kuma da wannan wutsiya suke kama makarɓarsu, wato furotin da ke zaune a fatar ƙwayar halitta yana jiran saƙo. Makarɓar da Sinadarin P ya fi so ita ce NK1, wadda ɗakin gwajin Shigetada Nakanishi a Kyoto ya fitar da tsarinta a 1989.

Domin a fahimci abin da ya biyo baya, dole a tsaya a kan yadda yake aiki a laka, don a nan ne kuskuren fahimta ya ɓuya. Zaren C ba da murya ɗaya yake magana ba. Babban ɗan aikensa shi ne gulutamet, wanda ake ƙerawa nan take a bakin jijiya, yake fita da ko wace irin tsokana, ya isar da saƙo cikin ƙiftawar ido, a kuma kwashe shi nan da nan. Sinadarin P kuwa can a cikin uwar ƙwayar jijiya ake ƙera shi, daga ƙwayar gado mai suna TAC1, a ɗure shi a manyan jakunkuna, a yi jigilarsa a hankali zuwa bakin jijiya. Ba ya fita sai tsokana ta yi tsanani kuma ta yi ta maimaituwa. Idan ya fita, babu mai mayar da shi cikin jaka, sai dai ya bazu a kewaye har sai wasu sinadarai masu aikin almakashi sun daddatsa shi, don haka tasirinsa yana ɗaukar daƙiƙoƙi masu yawa, yana kuma kaiwa ga ƙwayoyin da ba su ma haɗu da zaren da ya fitar da shi ba. Abin da yake yi wa ƙwayar da ta karɓe shi shi ne ya ɗaga ta zuwa bakin tashi, ya ƙara yawan kalsiyam a cikinta, ya taimaka wajen cire toshiyar maganiziyam da ke rufe wata ƙofar gulutamet mai suna NMDA. Sakamakon haka, saƙon da a da zai wuce a matsayin ƙaramin zafi sai ya isa ƙwaƙwalwa a matsayin babba.

A ganina, kwatancin da ya fi dacewa da shi shi ne sanƙira. Sanƙira ba shi ne mai magana ba, kuma ba shi ya ƙirƙiro ta ba, aikinsa shi ne ya ɗauki abin da aka faɗa ya ɗaga murya da shi har na ƙarshen fili ya ji, ya kuma maimaita har ta zauna a kunne. Idan aka rufe wa sanƙira baki taro zai ragu da amo, amma maganar tana nan, kuma a fadar da ke da sanƙirori da yawa, shirun guda ɗaya ba lallai ne a lura da shi ba. Gwaje-gwajen da aka yi a 1998 sun goyi bayan wannan fahimta. Ɗakin gwajin Allan Basbaum a San Faransisko ya samar da ƙananan ɓeraye da aka cire musu ƙwayar gadon da ke ƙera sinadarin, na Stephen Hunt a Ingila kuma ya samar da waɗanda ba su da makarɓar NK1. Waɗannan ɓeraye suna jin ƙaramin zafi kamar kowane ɓera, bambancin bai fito ba sai da tsokana ta yi ƙarfi.

Rabin labarin ke nan, domin mafi yawan Sinadarin P da ƙwayar jijiya ta ƙera ba laka yake zuwa ba, waje yake nufa, zuwa fata da gaɓoɓi da hanyoyin numfashi da hanji. Tun a 1901 William Bayliss ya nuna cewa idan aka tsokani saiwar baya, jijiyoyin jinin ƙafa suna buɗewa, abin da ya saɓa wa tunanin cewa jijiyar ji shigo da saƙo kawai take yi. A shekarun 1920 Thomas Lewis ya bayyana abin da ke faruwa idan aka karci fata da ƙarfi: layin ya yi ja, jan ya bazu a gefe, sa'annan layin ya taso. A baƙar fata jan ba ya fitowa sosai, amma tasowar kowa yana ganinta, kamar shatar bulala. Bayanin da aka samu daga baya shi ne, saƙon ciwo yana tafiya zuwa laka, amma idan ya iso mararrabar da zaren ya yi rassa sai wani sashe ya juyo baya ta sauran rassan, su kuma su zubar da kayansu a cikin nama. Kayan nan biyu ne suke fita tare: wani niropeftayid mai suna CGRP, wanda ke buɗe ƙananan jijiyoyin jini har wurin ya yi ɗumi ya yi ja, da Sinadarin P, wanda ke sa bangon ƙananan magudanan jini ya saki, ruwa da furotin su tsiyayo cikin nama, wurin ya kumbura. Bai tsaya nan ba, yana kiran fararen ƙwayoyin jini zuwa wurin, yana kuma tsokanar wasu ƙwayoyin garkuwar jiki da ake kira mast, waɗanda ke ɗauke da histamin, sinadarin da ke jawo ƙaiƙayi da kumburi, su fashe su zubar da shi, histamin ɗin kuma ya koma ya ƙara tsokanar jijiyar. Wannan shi ake kira kumburin da jijiya ta haddasa, kuma ana nazarinsa a cututtuka irin su asma da borin jini da ciwon gaɓoɓi da kumburin hanji.

Barkono ya taka rawa babba a wannan fage. Kafsaisin, sinadarin da ke ba attaruhu da barkono yajinsu, yana buɗe wata ƙofa ce a jikin waɗannan zaruruwa mai suna TRPV1, wadda David Julius ya gano a 1997, aikin da ya kai shi ga kyautar Nobel a 2021. Hawaye da majina da jan leɓe da mai cin yaji ke fama da su, wani ɓangarensu aikin waɗannan niropeftayid ne. Tun kafin a san ƙofar, Miklós Jancsó a birnin Szeged na ƙasar Hangare ya lura cewa idan aka yi ta shafa kafsaisin sai wurin ya daina jin irin wannan zafi, a 1978 kuma aka nuna cewa yana ƙarar da Sinadarin P daga jijiyoyin ji. Shi ya sa har yau za a ga an rubuta a jikin man shafawa na barkono cewa yana aiki ne ta hanyar ƙarar da Sinadarin P. Maganar ba cikakkiya ba ce, domin abin da kafsaisin ke yi shi ne ya kashe aikin bakin jijiyar baki ɗaya na wani lokaci, da dukkan 'yan aiken da ke cikinta, ba guda ɗaya ba. Akwai kuma wani ɓera marar gashi da ke rayuwa a ramuka a Habasha da Kenya da Somaliya, wanda Thomas Park na Chicago ya gano cewa zaruruwan fatarsa ba su da Sinadarin P, kuma kafsaisin ba ya damunsa. Da aka mayar masa da ƙwayar gadon a jijiyoyin ƙafa ɗaya, sai ƙafar ta fara jin yaji.

Da irin waɗannan hujjoji a hannu, kamfanonin magunguna suka shiga tsere. A 1991 masanan Pfizer suka bayyana CP-96,345, matoshin NK1 na farko da ba peftayid ba ne, daga nan Merck da Lilly da Glaxo da wasu suka fito da nasu. A jikin dabbobi magungunan sun rage alamun ciwo da kumburi. Da aka gwada su a jikin mutane masu ciwon gaɓoɓi, da masu raɗaɗin jijiya na ciwon sukari, da masu ciwon ɓarin kai, sai sakamakon ya zo ba kamar yadda aka sa rai ba, ba su fi ƙwayar da babu magani a cikinta ba ta yadda za a dogara da su. A 1998 wani gwaji ya ba da fatan cewa maganin Merck zai yi wa masu ciwon damuwa amfani, amma manyan gwaje-gwajen da suka biyo baya ba su tabbatar ba. Inda maganin ya yi nasara wani wuri ne daban. A ƙasan ƙwaƙwalwa akwai cibiyar da ke sarrafa amai, kuma tana cike da NK1. Masu ciwon daji da ake yi wa ƙarin ruwan magani mai ƙarfi irin su sisfilatin suna fama da amai kashi biyu, na ranar farko da kuma wanda ke tasowa bayan awa 24 ya ɗauki kwanaki, kuma wannan na biyun ne magungunan da ake da su suka kasa. A watan Maris na 2003 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da afirefitan, wanda ake sayarwa da sunan Emend, domin wannan aiki, daga baya kuma aka fitar da wani ɗan'uwansa mai suna Cerenia don aman karnuka. Abin lura a nan shi ne ɓera ba ya amai ko kaɗan, don haka da a kan ɓeraye kaɗai aka dogara, da ba a ga wannan amfani ba.

Me ya sa bai yi maganin ciwo ba? Amsa ta farko ita ce ta sanƙira, wato ba shi kaɗai ba ne a fada. Ta biyu ta shafi dabbobin gwaji: makarɓar NK1 ta ɓera ta ɗan bambanta da ta mutum a wasu 'yan amino asid, bambancin da ya isa ya sa maganin da ke kama ta mutum da ƙarfi ya yi rauni a ta ɓera, shi ya sa aka koma amfani da ɓeran Masar da wasu dabbobin da makarɓarsu ta fi kama da tamu. Ban da haka, fizge ƙafa da ɓera ke yi ba daidai yake da ciwon da tsohuwa ke kwana da shi a gwiwa shekara goma ba. Amsa ta uku ta fi burge ni, domin ta nuna cewa an yi shekaru ana gadin ƙofa ɗaya alhali gidan ƙofa biyu gare shi. A 2015 ɗakin gwajin Xinzhong Dong na Jami'ar Johns Hopkins ya nuna cewa ƙwayoyin mast suna da wata makarɓa daban, MRGPRX2 a jikin mutum, wadda Sinadarin P ke kamawa, a 2019 kuma suka nuna a jikin ɓeraye cewa kiran fararen ƙwayoyin jini da sinadarin ke yi zuwa wurin rauni ta wannan makarɓa yake bi, ba ta NK1 ba. Akwai amsa ta huɗu: tun a 1995 Patrick Mantyh ya nuna cewa da zarar sinadarin ya kama NK1 sai ƙwayar ta haɗiye su duka biyu zuwa cikinta, a 2017 kuma Nigel Bunnett da abokan aikinsa suka kawo hujjar cewa makarɓar tana ci gaba da aika saƙo daga can ciki, inda maganin da ya tsaya a waje ba ya kaiwa sosai. Abokin tafiyarsa CGRP, wanda sai a 1982 aka gano shi, shi ne aka samu maganin ciwo ta hanyarsa, domin a 2018 aka amince da allurar farko da ke toshe makarɓarsa don rigakafin ciwon ɓarin kai.

Wannan ya kawo mu ga matsayinsa a ɗakin gwaje-gwaje, inda har yanzu ba a rabu da shi ba. Wanda ake sayarwa a yau haɗa shi ake yi da na'ura, amino asid ɗaya bayan ɗaya, a tace shi, a busar da shi cikin sanyi ya zama farin gari, a zuba miligiram 1 ko 5 a 'yar kwalba, a rubuta cewa don bincike ne kawai. Wannan rubutu ba ado ba ne. Sinadarin P ba magani ba ne, kuma idan ya shiga jinin mutum abin da yake yi shi ne ya buɗe jijiyoyin jini, fuska ta yi ɗumi, ƙarfin bugun jini ya faɗi. Masu bincike suna amfani da shi ne a matsayin tsokanar da aka san ƙarfinta: a zuba shi a kan ƙwayoyin da aka dasa wa NK1 a auna tashin kalsiyam, a sa shi a kan guntun hanjin ɓeran Masar a auna matsewa, ko a yi wa dabba allurar wani shuɗin rini da ke manne wa furotin na jini, a sa sinadarin a fata, a auna yawan shuɗin da ya tsiyayo. Da haka ake gwada ko sabon magani yana toshe hanyar.

Sai dai abu ne mai tsada kuma mai saurin lalacewa, kuma sakamako da yawa da suka ƙi maimaituwa daga nan matsalarsu take. Garin yana buƙatar sanyin da ya kai digiri 20 ƙasa da sifiri, nesa da laima da haske, kuma a ƙa'ida ba a buɗe kwalbar sai ta dawo ɗumin ɗaki, don kada raɓa ta sauka a kan garin. Idan aka narka miligiram 1 a mililita 1 na ruwa ana samun ƙarfin haɗi na kimanin milimola 0.74 a kowace lita, amma wannan lissafi yana ɗauka cewa garin duka peftayid ne, alhali wani kaso nasa gishiri ne da ruwa, don haka dole a duba takardar da ta zo da shi. Bayan narkarwa ana raba shi ƙanana-ƙanana a daskarar, kowanne a yi amfani da shi sau ɗaya, saboda narkewa da sake daskarewa suna cinye shi. A ƙasashen da wutar lantarki ke zuwa tana ɗaukewa, firijin da ba shi da madogara yana iya yin wannan narkewa da daskarewa sau da yawa a mako ba tare da kowa ya sani ba. Amino asid na ƙarshe a jerin, metiyonin, yana saurin haɗuwa da iskar oksijin ya canza. Sinadarin kuma yana manne wa gilashi da roba, ta yadda idan aka tsarma shi sosai wani kaso mai yawa zai ƙare a bangon kwalba, shi ya sa ake ɗan ƙara wani furotin a ruwan don ya riga shi mannewa.

Yawan da aka zuba ma yana sauya ma'anar gwaji. NK1 tana amsawa da ɗan abu kaɗan, a ma'aunin nanomola, amma ƙwayoyin mast sai an kai ma'aunin maikiromola, wato ninki kusan 1,000. Wutsiyar sinadarin ce ke kama NK1, yayin da kansa, inda amino asid masu cajin lantarki suke, yake da muhimmanci wajen tsokanar mast, kuma idan aka cika shi da yawa yana tsallakawa ya kama makarɓun danginsa, NK2 da NK3. Saboda haka mai binciken da ya zuba da yawa ya ga sakamako ya ce aikin NK1 ne, bai kawo hujja ba tukuna, sai ya nuna cewa matoshin NK1 da ya dace da dabbar da yake aiki da ita ya kawar da sakamakon. Su kuma almakasan da ke daddatsa shi, manyansu su ne nefirilisin da ACE, kuma wannan na biyun sananne ne ga masu hawan jini, domin shi magunguna irin su lisinofiril da kaftofiril suke toshewa. Busasshen tarin nan da ke addabar wasu masu shan waɗannan magunguna ana danganta shi da taruwar wani peftayid mai suna biradikinin da kuma Sinadarin P a hanyoyin numfashi.

Akwai cuta ɗaya da ta sa wannan batu ya shafi ƙasar Hausa kai tsaye, ita ce amosanin jini, wato sikila, wadda Najeriya ta fi kowace ƙasa yawan masu ɗauke da ita, inda ake ƙiyasta haihuwar jarirai kimanin 150,000 da ita a kowace shekara. An saba bayyana ciwonta da cewa jajayen ƙwayoyin jini ne suka lanƙwashe suka toshe hanya, wanda gaskiya ne, amma bai bayyana dalilin da ya sa wasu ke kwana da ciwo ko da babu toshewa ba. A 1998 wani bincike a Amurka ya samu Sinadarin P da yawa a jinin masu sikila fiye da na masu lafiya, yana kuma ƙaruwa lokacin da ciwon ya tashi. A 2013 ɗakin gwajin Kalpna Gupta a Minnesota ya nuna a jikin ɓerayen da aka dasa wa sikila cewa ƙwayoyin mast suna cikin tsokana, suna ƙara fitar Sinadarin P da kumburin jijiya, kuma lafar da su ya rage wa ɓerayen alamun ciwo. Tarihin da ya gabata ya isa ya hana kowa gaggawar kiran wannan magani, amma tambaya ce da asibitocin koyarwa na Kano da Zariya da Sakkwato suke da marasa lafiyar da za a amsa ta a kansu. Wanda zai auna sinadarin a jinin mai sikila dole ya ɗebi jinin a kwalba mai sanyi da aka riga aka sa wa maganin hana almakasan aiki, ya raba ruwan jinin cikin sanyi ba tare da jinkiri ba, ya daskarar da shi nan take, ya kuma tabbatar cewa kayan awon da ya saya suna bambance Sinadarin P daga guntayensa da kuma danginsa masu wutsiya iri ɗaya, domin jinin da ya yi awa guda a kan tebur a zafin watan Afrilu zai ba da adadi, amma ba adadin da ke jikin marar lafiyar ba.